Adon Gida da Lambu da Shuke-shuke a Hutun Hunturu

Shekarar da na fara yi wa gidanmu ado da furanni saboda hutun ƙarshen shekara, sai ranar 22 ga Disamba na farga. Na garzaya bakin titi wurin masu sayar da fulawa a Kaduna, na kwaso tukwane takwas, na jera su a baranda inda duk mai shigowa zai gani. Kwana biyu suka yi suna ba ni sha'awa. Kafin shekara ta juya, shida sun kakkaɓe ganye sun bar ni da tsinke, biyun da suka rage kuma akuyar maƙwabta ta yi kalaci da su. Na daɗe ina zargin mai sayarwar. Daga baya na gane barandar ce ke kallon arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu ke shigowa, ni kuma na ɗauko tsirran da suka saba da inuwa da danshi na ajiye mata.

Yawancin hotunan adon Kirsimeti da sabuwar shekara da muke gani a waya daga Turai da Amurka suke, inda dusar ƙanƙara ke rufe lambu, rana ta faɗi tun la'asar, mutane su shigo da rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye cikin ɗaki don ido ya ga kore. Mu nan sanyi bai cika kashe shuka ba, in ban da wasu dararen Jos da ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 10. Abin da ke cin tsirranmu bushewar iska ne, da ƙura, da tsadar ruwa. Amma muna da rana a wadace, muna kuma da itatuwan da sai ƙasa ta bushe suke fure. Wanda ya ɗora adonsa a kan waɗannan, ya fara da wuri, kuɗi kaɗan zai kashe, adon kuma ya kai shi ƙarshen Janairu.

Ba masu bikin Kirsimeti kaɗai abin ya shafa ba. Disamba watan ɗaurin aure ne, yara na hutu, 'yan uwa na dawowa gida daga Legas da Abuja. Sallah ma tana matsowa cikin sanyi, domin kowace shekara tana ja baya da kimanin kwana 11, har a lissafi ƙaramar Sallah za ta zo sau biyu a 2033, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba.

Mataki na farko: zagaya gidanka kafin ka sayi komai

Ware rana guda ka lura da gidan sau uku, da hantsi, da azahar, da la'asar. Ina ne rana ke yini? Ina ne take leƙawa da safe kawai? Wurin da ke samun rana awa shida ko fiye na masu fure ne. Wurin da ke samun hasken safe sannan inuwa ta rufe shi na masu faɗin ganye ne.

Sannan ka nemi hanyar iska. Ba sai ka sha wahala ba, duba inda ƙura da busasshen ganye ke taruwa bayan an yi shara. Bangon da ke kudu ko yammacin ɗaki shi ne mafaka. Idan dole sai ka yi ado a gefen da iska ke bugawa, kafa zana ko asabari ya tare ta.

Fita kuma da dare ka ga inda fitilar tsaro ko ta sola ke haskawa har asuba. Za ka ji dalili nan gaba kaɗan. Abu na ƙarshe, awaki da kaji. Idan ƙofar gidanku a buɗe take yini, duk abin da za ka ajiye a waje ya zama mai ƙaya, ko a ɗaga shi sama, ko a kewaye shi da waya.

Mataki na biyu: ƙirga kwanaki da baya

Ɗauki ranar bikin, a ce 25 ga Disamba, ka riƙa ja baya. Furannin da ake shukawa daga iri, irin su marigol da ziniya, suna buƙatar mako bakwai zuwa tara kafin su yi fure, don haka farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa ake zuba irinsu don su cika fure kafin bikin, lokacin da damina ke ban kwana, ƙasa na da sauran laima. Aske bogenbiliya, mai ƙayar nan da ke hawa katanga, a ƙarshen Satumba. Foinsetiya, shukar da ganyenta na sama ke rinewa ja, ta fara samun cikakken duhun dare daga farkon Oktoba. Alkamar da ake tsirarwa a kasko don ado, a zuba ta wajen 10 zuwa 13 ga Disamba. Shanya yankakken lemun ratayawa a tsakiyar watan. Gammon ƙofa, wato zoben ganyen da ake ratayawa a ƙofa, a haɗa shi saura kwana uku ko huɗu. Yankakkun furanni kuwa sai jajibiri.

Idan kana karanta wannan Disamba ta riga ta kama, ba a makara duka ba. Tsallake maganar iri, ka sayi dashen da ya riga ya fara toho, sauran matakan duk suna hannunka.

Mataki na uku: zaɓen abin da za a shuka

Foinsetiya ce sarauniyar wannan lokaci, kuma ita ce aka fi yi wa rashin fahimta. Asalinta daga Meksiko take, sunanta kuma na Joel Poinsett ne, jakadan Amurka na farko a ƙasar, wanda ya aika da ita gida a shekarun 1820. Jan abin da ke ɗaukar ido a jikinta ganye ne da ya rine. Furenta na gaskiya su ne 'yan ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa a tsakiya. A Turai 'yar tukunya ce da ake jefarwa bayan biki, amma a Jos da kudancin Kaduna za ka gan ta a ƙasa ta fi mutum tsawo.

Sirrinta duhu. Ba ta rinewa sai dare ya yi tsawo, kuma duhun bai katse ba, har na tsawon kimanin mako takwas. Dararenmu na ƙarshen shekara sun ishe ta, shi ya sa wadda ke bayan gida inda babu fitila take yin jawur da kanta, wadda aka dasa a ƙarƙashin fitilar get kuma ta zauna kore shar har Janairu, mai gida na ta zuba mata taki a banza. Idan taka a tukunya take kuma gidan na da haske da dare, kife mata babban kwali daga ƙarfe biyar na yamma zuwa bakwai na safe, kullum ba fashi, da rana kuma ta sha haske. Da zarar ganyen sama ya rine sosai, ka daina rufewa.

In saya za ka yi, kalli ƙwayoyin tsakiyar. Idan suna dunƙule ba su buɗe ba, za ta daɗe. Idan sun zube, ta tsufa. Ɗaga ganyen ka leƙa ƙarƙashinsa, in fararen ƙwari suka tashi, ajiye ta ka wuce. Kada kuma ka ɗora ta tsirara a bayan babur, iskar hanya kaɗai ta isa ta kashe ta. Naɗe ta da jarida.

Bogenbiliya, mai ƙayar nan da ke hawa katanga, ita ce mai rufa wa malalaci asiri. Daga Kudancin Amurka ta fito, amma ta zama 'yar gida. Gata ne ke ɓata ta: in ka cika mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta yi. Daga farkon Nuwamba rage mata ruwa, ka bari sai ganyen ya fara laushi sannan ka shayar da ita sosai, ka sake barin ta. Cikin 'yan makonni za ta rufe katangar da ja ko shunayya ko fari. Ba ta son a taɓa saiwarta, saboda haka idan ka saye ta a leda, yanka ledar da reza, kada ka fizge.

Sai tamu ta gado, ƙarya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda. Tsiron Sahel ce, a daji take fitowa tsakanin duwatsu, kuma da rani take fure bayan ta zubar da ganye. Da ita ake wasan kalma a karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ko da yake in ka yi haƙuri da tsohuwa za ka ga takan fitar da kwanso biyu kamar ƙaho. Masu sayar da fulawa yanzu suna kawo wadda aka yi wa aure, mai fure ninki-ninki, da tsada. Ni dai ta gida ta fi kwanta mini. Rana take so, da ƙasa mai yashi, ruwa kuma sau ɗaya a mako ya ishe ta.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Kalanko, mai kaurin ganye da ƙananan furanni, ita ma gajeren yini take so kamar foinsetiya, furenta kuma na yin makonni. Kiroton na ba da ganye mai launi-launi a inuwar baranda, amma tana jin iska. Moda da zabuwa ba su san ƙishi ba, su ne na kusurwar da kake mantawa da ita. Wardi yana jin daɗin sanyin Jos, a Kano ko Sakkwato kuwa sai mai ruwa da haƙuri. Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne masu lallausan ganye na kurmi, waɗanda ke kyau a rumfar mai sayarwa saboda yana fesa musu ruwa sau uku a rana. Su ne suka yi mini abin da na faɗa a farko.

Mataki na huɗu: tukunya da ƙasa

Haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashin rafi, kashi ɗaya na takin shanu da ya ruɓe har ya daina wari. Ga ƙarya da moda da zabuwa, yashi da tsakuwa su kai rabi. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi, kada gaggawa ta sa ka zuba shi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba kyau nesa ba kusa ba, tana kuma sanyaya saiwa, sai dai a hunturu tana saurin bushewa. Dabarar da nake yi ita ce in bar shukar a tukunyar roba, in zura ta cikin ta ƙasa wadda ta ɗan fi ta girma, in cike tsakaninsu da yashi mai laima. Ido na ganin yumɓu, saiwa na samun danshi. Tsohon tulu ko randar da ta tsage duk sun yi. Ko wace iri ce, lallai ta kasance da huda a gindi, a ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Sabuwar tukunyar ƙasa kuma a jiƙa ta kwana guda kafin a dasa, in ba haka ba ita za ta riƙa shanye ruwan shukar.

Yaran da ke hutu suna damun ka, ba su farar ƙasa da jar ƙasa su zana dagi da layuka a jikin tukwanen. Launi biyu ya isa.

Mataki na biyar: ruwa da ƙura

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasari ake faɗuwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga ganye ya yi laushi da rana ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, alhali iska ce ke tsotse ganyen, ƙasar kuwa jagab take. Haka saiwa ke ruɓewa. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji laima, bar ta. In ta bushe, zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti.

Da safe ake ban ruwa, bayan rana ta ɗan ɗaga. Ruwan da ya kwana a randa a waje kan yi sanyi ƙarara, foinsetiya ba ta son sa, a bari ya ɗan huce.

Tara tukwanen wuri guda maimakon a warwatsa su, domin suna riƙe wa juna danshi. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko tsakuwa. Inda gara ta yi yawa, tsakuwar ta fi. Ga abin da ke dashe a ƙasa, binne ƙaramin tulu marar fenti kusa da gindinsa har wuya, ka riƙa cika shi kana rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun daidai inda saiwa take. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai ga bambanci a aljihunsa. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da na alwala duk a tara su a bokiti, na wanki mai sabulu ne kawai ba a so.

Ƙura kuma tana toshe ganye, tana dusashe launi, tana gayyato wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye masu saƙa kamar gizo-gizo a ƙarƙashin ganye. Alamarsu ita ce ganye ya yi ɗige-ɗige fari sannan ya bushe. Sau biyu a mako, goge masu faɗin ganye da tsumma mai laima, sauran kuma a fesa musu ruwa sama da ƙasa da sassafe. Idan ƙwarin sun riga sun kama, daka busassun 'ya'yan darbejiya kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma. A maimaita bayan mako guda.

Mataki na shida: bishiyar falo

Ga masu son bishiyar Kirsimeti mai rai, akwai arokariya, wadda asalinta daga tsibirin Nofok ne kusa da Ostareliya, mai rassa hawa-hawa kamar an auna. Akwai kuma tuja, wadda ake yawan shukawa a harabar ofisoshi da coci-coci. Dukansu ana samun su a tukunya. Ka shigo da ita saura kwana biyu ko uku, ka ajiye kusa da taga, kada ta wuce kwana goma a ɗaki. Rassan arokariya ba su da ƙarfi, abu mara nauyi ake rataya mata.

Idan kuɗin bai kai ba, nemi busasshen reshe mai yatsu da yawa, tsawon mita ɗaya da rabi, ka kankare ɓawon, ka shafe shi da farar ƙasa, ka kafa a tulu cike da yashi. Wallahi sau da yawa ya fi bishiyar roba kyau, kuma ba ya neman ruwa. Sai dai a ji tsoron Allah a bar itatuwan bakin titi da na makarantu, kada a sare su saboda adon mako guda.

Abin ratayawa yana kasuwar ƙauye: ƙananan ludaya, 'ya'yan goriba da aka goge da ɗan mai suka yi sheƙi, jan barkono da aka jera a zare, da yankakken lemu. Yanka lemun zagaye-zagaye, kaurin rabin santimita, ka matse ruwan da tsumma, ka shimfiɗa a faifai a inuwa mai iska, ka rufe da gidan sauro saboda ƙura, kana juyawa kullum. Abin da Bature ke kunna murhu ya yi, hunturu zai yi maka kyauta cikin 'yan kwanaki. In haske ya bi ta cikinsa kamar gilashi yake.

Mataki na bakwai: alkama a kasko

Wannan shi ne mafi araha, kuma shi na fi so. Kiristocin Lebanon da na kudancin Faransa suna tsirar da alkama a faranti ranar 4 ga Disamba don ta yi kore kafin Kirsimeti. Mu kuwa alkama dama amfanin hunturu ce, a wannan sanyin ake noman ta a Kadawa da sauran wuraren noman rani.

Sayi gwangwani guda na alkamar da ba a surfa ba. Jiƙa ta kwana ɗaya. Zuba ƙasa ko yashi kaurin yatsu biyu a kasko ko ƙwarya, ka baza alkamar a kai ƙwaya na taɓa ƙwaya, ka yayyafa ƙasa kaɗan, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Rana ta uku za ka ga tsiro, sai ka cire tsumman ka kai ta wurin haske, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana goma zuwa sha biyu za ta kai tsawon taƙi, kore shar, a lokacin da duk garin ya yi furu-furu. In ta yi tsawo ta fara kwanciya, daidaita ta da almakashi. In ka ga fumfuna a gindi, ruwa ya yi yawa. Tana ɗaukar kamar mako biyu da kyanta, don haka mai son ta kai sabuwar shekara ya sake zuba wani kaskon bayan mako guda. Kuma a ɓoye wa kaji.

Mataki na takwas: gammon ƙofa

Zoben ganyen nan da ake ratayawa a ƙofa, ni gammo nake ce masa, don siffarsu ɗaya. Lanƙwasa waya mai kauri ta zama da'ira mai faɗin santimita 30 zuwa 35, ka naɗe ta da kaba ko busasshiyar ciyawa har ta yi kauri. Yanko ganyen itacen turare da na tuja da yamma, ka tsoma gindinsu a bokitin ruwa su kwana. Ganyen turare ne gwani a nan, domin ko ya bushe yana riƙe siffarsa da ƙamshinsa. Na darbejiya yini guda yake yi ya yanƙwane, furen bogenbiliya kuma zubewa yake.

Yanka rassan tsawon taƙi, ka haɗa uku ko huɗu su zama ƙulli. Ɗora ƙullin farko a kan zoben ka ɗaure gindinsa da siririyar waya. Ɗora na biyu yadda kansa zai rufe gindin na farko, su fuskanci gefe guda. Haka za ka bi har ka zagayo, ka cusa gindin na ƙarshe ƙarƙashin kan na farko.

Sannan kayan ado. Zoɓo a wannan lokacin ake girbe shi, kuma jansa ya fi na duk wani kintinkiri. Akwai kwanson bagaruwa mai kama da carbi, da na gawo mai murɗe ruwan lemu, da tsamiya, da guntun zangarniyar gero. Tara su wuri biyu ko uku a jikin gammon, kada a barbaza ko'ina. A fara shanya kwansunan a rana kwana biyu saboda ƙwari. Mai gero kuma a rataya shi ta ciki, in ba haka ba tsuntsaye za su yi bikinsu kafin naka.

Wani abin dariya: tsiron da Turawa ke ratayawa a bakin ƙofa lokacin Kirsimeti ɗan uwan kaucinmu ne, wanda ke maƙale wa ɗorawa da kaɗanya yana shan jininsu. Namu yana da jan fure kamar tsinken ashana, amma da an tsinko shi yake laushi, bai cancanci hawan bishiya ba.

Mataki na tara: jeri

Kada ka ce sai ka ƙawata ko'ina. Zaɓi wuri uku: bakin ƙofa, inda baƙi ke zama a tsakar gida ko baranda, da tebur ɗin falo. A kowane wuri tara tukwane uku ko biyar, dogo a baya, gajere a gaba. Kifaffen turmi ko bulo ya isa ya ɗaga na baya. Tsaya a kan launi biyu da kore, misali ja da fari. Na taɓa haɗa kowane launi da na samu, gidan ya koma kamar rumfar mai sayar da atamfa.

A kan tebur, kaskon alkama a tsakiya, da ƙwarya cike da lemun da aka soka wa kanumfari. Ƙamshinsu kaɗai ya biya. In za a sa yankakkun furanni, yanke gindinsu a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a haɗa lita ɗaya ta ruwa da babban cokali ɗaya na sukari, cokali biyu na ruwan lemun tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic na wankin kaya. A canja ruwan duk bayan kwana biyu, a nisanta su daga fanka. Da safen biki a share tsakar gida a yayyafa ruwa, ƙura ta kwanta.

Guba da gobara

Gida cike da yara ba wurin ganganci ba ne. Idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan masu baƙin ɗigo, suna da kyau a zare amma gubarsu na kisa ce idan aka tauna, kada su shigo gidan sam. Haka 'ya'yan zurma. Ruwan jikin ƙarya guba ne, da shi mafarauta ke shafa kibiya a wasu sassan Afirka, oliyanda, fulawar nan mai dogon siririn ganye, ita ma duk jikinta guba ne. Farin ruwan foinsetiya bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma yana sa ƙaiƙayi, yana kuma ƙona ido, kamar na tumfafiya. Sa safar hannu in za ka yanka su, ka ɗaga tukwanen inda mai rarrafe ba zai kai ba. Idan yaro ya haɗiyi wani abu, a tafi asibiti nan take tare da reshen shukar.

Gobarar hunturu kuwa kowa ya san ta. Busasshen ganye da kaba da auduga ba sa jiran komai. Kyandir da kaskon rushi su yi nesa da su. Yi amfani da ƙananan fitilu masu batir ko na sola waɗanda ba sa zafi. Masu jona wa wutar gida a zare su daga soket kafin a kwanta ko a fita, saboda ana iya kawo wuta da ƙarfi cikin dare ba kowa a farke. Inda yara ke wasan tartsatsin wuta a unguwa, a shigo da gammon ciki.

Bayan an watse

Gidaje da yawa na Kirista suna sauke ado ranar 6 ga Janairu. Arokariya ko tuja ta koma waje, amma ta fara yin mako guda a inuwa kafin ta shiga rana. Alkamar a ba kaji ko tumaki. Ware wayar gammon ka adana, ganyen ya tafi ramin taki. Bar wasu furannin marigol da ziniya su bushe a jikinsu, ka murje irin ka zuba a ambulan, ka rubuta suna da shekara.

Foinsetiya za ta fara zubar da ganye wajen Fabrairu ko Maris, kada ka ɗauka ta mutu. Rage mata ruwa, ka datse rassan su rage santimita 15 zuwa 20, ka ajiye ta a inuwa har zafin bazara ya wuce. Da ruwan farko za ta toho. A watan Yuni ko Yuli yanki sababbin rassa tsawon yatsa, ka bari farin ruwan ya tsane, ka kafa su a yashi mai laima a inuwa, cikin mako uku zuwa huɗu za su yi saiwa. Riƙa tsinke kan kowane reshe don ta yi cunkus, amma ka daina daga ƙarshen Agusta, domin rassan da suka fito bayan tsinkewar ƙarshe su ne za su rine a Disamba.